Wa Zai Gaya wa Batir Cewa a Yamai Yake? Martani ga Mai Cewa Mu Bar Rubuta Direban Na'ura

Wani marubuci da nake ganin girman alƙalaminsa ya ba matasanmu masu karatun kwamfuta shawara a kwanakin baya. Shawarar ta yaɗu, har ana jin ta a bakin waɗanda ba su karanta rubutun ba, shi ya sa yin shiru a kanta ba zai yi ba.

Ga abin da Malam ya ce, gwargwadon fahimtata. Ɗalibin Nijar da ya duƙufa kan koyon rubuta direban na'ura, ko kan yadda ƴar kwamfutar da ke cikin akwatin sola za ta san halin da batir yake ciki, ƙuruciyarsa yake ɓatawa. Ba mu da masana'antar da ke ƙera ko ƙwayar lantarki guda. Kayan daga Sin suke zuwa da manhajarsu a ciki, injiniyoyin da suka fi namu yawa da kayan aiki sun riga sun gwada su. Abin da bai zo a ciki ba yana nan kyauta a intanet, saukewa kawai za a yi. Awon batir kuma, a ganinsa, ba ilimin jami'a ba ne, kowane mai gyaran rediyo da mitarsa zai yi shi. Kuɗi da aikin yi suna wajen manhajojin waya, irin na aika kuɗi da na saye da sayarwa. Ya rufe da cewa ko mun horar da yaro a wannan fanni, Faransa ko Kanada muka horar wa, don ba mai ɗaukarsa aiki a Yamai.

Ban ga mugun nufi a rubutun ba. Mutum ne da ya gaji da ganin masu digiri suna kwana a fada suna dafa shayi, yana neman musu hanya mafi kusa. Kuma ya yi gaskiya a abu guda: ba mu ƙera ƙwayoyin lantarki, ba kuma gobe za mu fara ba. Hukuncin da ya ɗora a kan wannan gaskiyar ne bai zauna ba.

Ya kamata mai karatun da ba fanninsa ba ya san abin da ake gardama a kai. A cikin na'urar kayyade cajin sola, da mitar kuran mai kati, da akwatin da ke kunna famfon lambu, akwai kwamfutar da ba ta fi farcen babban yatsa ba. Da yawansu suna tafiya da ƙaramin tsarin gudanarwa, irin FreeRTOS da Richard Barry ya fara a 2003, ko Zephyr da ke ƙarƙashin Linux Foundation tun 2016. Wayoyin Tecno da Infinix da ke aljihunmu kuwa, Linux ne a ƙarƙashin Android ɗinsu. Shi tsarin gudanarwa bai san komai game da batir ba. Wata ƙwaya ce daban take kusa da batirin, tana auna ƙarfin wutarsa, da yawan wadda ke shiga da fita, da zafin jikinsa, ta ajiye lambobi. Direba shi ne tafintan da ke tsakani: ya bi ta siraran layuka biyu da ake kira I2C ya tambayi ƙwayar, ya karɓo lambobin, ya mai da su bolt da amfiya da digiri, ya miƙa sama. Sarki ba ya jin yaren baƙo, abin da tafinta ya faɗa a kansa ake yanke hukunci. In ya ce batir ya cika, a tsai da caji. In ya ce da saura, a ci gaba da ɗura masa wuta ko da yana tafasa.

Da wannan kaɗai hujjar masana'anta ta sha ruwa. Kamfanin ƙwaya yakan ba da samfurin direba, amma daidaita shi da wani batir, a wani akwati, a wani gari, aikin wanda ya haɗa na'urar ne. Kayan aikin kuwa kwamfutar hannu ce, da allon gwaji na ƴan jikkuna, da mita, da haƙurin karanta takardar bayanin ƙwaya. Fiye da rabin rubutun Linux direbobi ne. Linus Torvalds yana ɗalibi a Helsinki a 1991 ya fara shi, da kwamfutar da ya saya bashi, bai jira an gina masa masana'anta ba.

Hujjar da ta fi ruɗi ita ce wai an riga an gwada komai. An gwada, ban musa ba. A ina? Buɗe takardar bayanin kowane batir, alƙaluman da ke ciki na digiri 25 ne, wasu ma 20. Malam ya gaya mini, sau nawa Yamai take wuni a digiri 25? A watan Afrilu matsakaicin zafin rana ya haura 40, ranakun da yake taɓa 45 ba baƙi ba ne, a inuwa ke nan. Batirin kuwa yana can kusurwar ɗaki mai rufin kwano, ko cikin akwatin ƙarfe a gindin pano. Masu ƙera batirin ruwa su da kansu suke rubuta cewa duk ƙarin digiri 8 zuwa 10 bisa 25 yana raba rayuwarsa biyu. Direba ba zai hana wannan hasara duka ba, ba ya sanyaya ɗaki. Amma akwai kason da ke hannunsa. Batirin ruwa mai bolt 12 ɗakuna shida ne a jere, ana cajinsa zuwa wajen bolt 14.4 in yana digiri 25. In ya ɗau zafi, dole a sauke wannan iyaka da kimanin milibolt 3 zuwa 5 ga kowane ɗaki a kan kowane digiri. A lissafa: a digiri 45 ragin ya kama daga bolt 0.36 zuwa 0.6. Na'urar da ba ta yin wannan ragi, kullum rana ta take sai ta dafa batir, ruwansa na ƙonewa, farantansa na cinyewa. Wanda aka rufe ruf, irin mai jel, ba ma halin a ƙara masa ruwa. Kafin a yi ragin sai an manna ma'aunin zafi a jikin batirin, sai kuma an sami direban da ke karanta shi. Na'urori masu araha da yawa ko dai ba su da ma'aunin, ko kuma yana cikin akwatinsu, yana auna zafin bango maimakon na batir.

In batir ya mutu kafin lokacinsa, me muke cewa? Jabu ne, ɗan kasuwa ya cuce mu. Wani lokaci haka ne. Wani lokaci kuwa layi goma na manhaja ne suka kashe shi, mu kuma muka tafi kasuwa muka yi wa bawan Allah tijara.

Sai mai gyaran rediyo da mitarsa. Ba na raina masu gyaran kasuwar Katako da na Babbar Kasuwa, hannun wasunsu ya fi na injiniyoyi da yawa. Amma mita ƙarfin wutar wannan daƙiƙar take faɗa, ba ta faɗin abin da ya rage. Batirin ruwa da ya huta, in cikakke ne yana nuna wajen 12.7, in ya kusa ƙarewa wajen 11.8. Duk labarin yana cikin tazarar da ba ta kai bolt guda ba. Shi ma sai in ya huta: yana kan caji lambar ta hau, an kunna fanka ta sauka. Yanzu a ɗauki ESP32 ta kamfanin Espressif, ƙwayar da masu koyo ke yawan farawa da ita saboda araha. Ma'auninta na ciki yana dogara da wani mizani da ya kamata ya zama milibolt 1100, amma kamfanin da kansa ya rubuta cewa daga ƙwaya zuwa ƙwaya yana iya kamawa daga 1000 zuwa 1200. Kuskuren kusan kashi 9 cikin ɗari ke nan, kashi 9 na bolt 12 kuwa ya haura bolt guda. Yaron da ya sauke manhaja kyauta ya ɗora, bai san da gyaran mizani ba, na'urarsa tana iya kiran mataccen batir cikakke, ta kuma zana masa kyakkyawan hoto kore a waya. Kamfanin ya tanadi hanyar gyaran. Amma wanda aka gaya wa cewa karatun takardar ƙwaya ɓata lokaci ne, ta ina zai gan ta?

Na san Malam zai ce zamanin batirin ruwa ya wuce, litiyam ya zo da allon kariyarsa. Allon kariya mai araha wuta yake yankewa in abu ya kai maƙura, a nan aikinsa ya tsaya. Sanin abin da ya rage kuwa, a litiyam ne ma ya fi wuya. Nau'in da ya cika kasuwar sola yanzu, LiFePO4, ɗakinsa yana zaune a wajen bolt 3.2 zuwa 3.3 a mafi yawan tafiyarsa. Bambancin mai kashi 30 da mai kashi 70 a idon mita bai taka kara ya karya ba. Dabarar da ta rage ita ce a riƙa ƙirga wutar da ta shiga da wadda ta fita, daƙiƙa bayan daƙiƙa, da ƙwaya irin INA219 ko jerin BQ na Texas Instruments. Ƙirga kuma tana tara kuskure. A ce ma'aunin ya karkace da miliamfiya 5 kacal. A wata guda kuskuren ya kai amfiya-awa 3.6, kimanin rabin abin da ƙaramin batir mai amfiya-awa 7 yake ɗauka. Maganin da aka saba shi ne duk ranar da batir ya cika maƙil, direba ya share lissafi ya soma sabo. Wanda ya tsara wannan dabara ya ɗauka batir zai riƙa cika a kai a kai. Bai san hazon Janairu ba. Bai san panon da ƙura ta lulluɓe mako biyu ba a goge ba. Bai san gidan da ake kunna talabijin da firij tun kafin la'asar ba. A irin wannan gida batir yana iya yin wata bai cika ba, lambar da ke kan allo kuwa tana ta yawonta, har ranar da wuta za ta ɗauke alhali allo na cewa saura rabi.

Batirin waya ma haka: mafi yawansu iyakar zafin da aka yarda a yi musu caji digiri 45 ne. Abin da mai tsarawa ya ɗauka yanayin gaggawa ne, a nan kowace Talata ce ta watan Afrilu.

Kyautar intanet da Malam yake dogara da ita gaskiya ce, sai dai bai duba inda ta tsaya ba. Linux ya tanadi gurbin da mai haɗa na'ura zai zuba jadawalin ƙarfin wuta da kason da ya rage, jadawali daban ga kowane matakin zafi. Gurbin kyauta ne. Jadawalin kuwa aunawa ake yi, da batirin da ke hannunka, a zafin garinku. To wa zai auna na batiran da ake haɗawa daga ƙwayoyin tsofaffin kwamfutocin hannu? Wa zai auna na waɗanda aka rubuta musu ƙarfin da ba su da shi? Injiniyan Shenzhen zai taso ya zo kasuwar Wadata ya yi mana?

Akwai wata matsala da duk wanda ya taɓa haɗa na'urar da ke aika saƙo daga lambu ya san ta. Allon sadarwa irin SIM800L yakan finciki wuta har amfiya 2 na ɗan ƙiftawar ido duk lokacin da zai yi magana da eriya. Sabon batir ba ya ko gezau. Wanda ya tsufa a rana sai ƙarfinsa ya faɗi a daidai lokacin, kwamfutar ta mutu ta tashi, ta sake gwada aikawa, ta sake mutuwa, har ta tsotse abin da ya rage. Mai lambu a bakin kogin Isa yana zaune yana jiran saƙon da ba zai zo ba. Wani ɓangaren maganin na waya ne da kwandansa, amma sauran na direba ne: ya auna batir yayin da ake jansa, ya san lokacin da zai haƙura da aikawa ya kwanta barci har rana ta fito. ESP32 in tana barci mai nauyi, abin da take sha bai kai kashi ɗaya cikin dubu na abin da take sha tana aika saƙo ba. Wanda ya iya kwantar da ita, ƙaramin batir ya ishe shi. Wanda bai iya ba zai sayi babba, ya ce sola tsada gare ta.

Kuma kada a ɗauka wannan damuwar matalauta ce kaɗai. A ƙarshen 2017 kamfanin Apple ya amsa cewa manhajarsa tana rage saurin wayoyin iPhone masu tsohon batir, don kada su riƙa mutuwa in an ja wuta da yawa. Matsalar mai lambu ce sak, a cikin tsadadden kaya. A Fabrairun 2020 hukumomin Faransa suka ci kamfanin tarar Yuro miliyan 25, sama da sefa biliyan 16, saboda bai sanar da masu wayoyin ba. Faransa ta iya kama shi domin akwai masu iya leƙa wannan hawa na ƙasa su ga abin da ake yi. Mu da ake ba mu shawarar kada mu leƙa, in akwatin sola da aka sayar mana yana yanke hukunci a kan batirinmu, ko yana kulle kansa don an makara biyan kuɗin wata, wa zai tantance mana ko daidai ya yi?

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne a Yamai aka rubuta wannan shawara, bayan 2023. Ba siyasa na zo yi ba, tarihi ne kowa ya gani. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, a farkon Agusta Najeriya ta katse layin da ke kawo wuta ta Birnin Kebbi, a lokacin da kusan kashi 70 cikin ɗari na kuran ɗin da NIGELEC ke rabawa daga can yake zuwa. Sai a Maris 2024 aka maido. Tashar sola ta Gorou Banda mai megawat 30 ta fara aiki a ƙarshen 2023, ta rage zafi, amma rana take bi, ba ta aiki da dare. Gidaje da shaguna da ɗakunan shan magani suka koma kan pano da batir, iyakoki kuma a rufe, kayan gyara ba sa shigowa yadda aka saba. A watannin nan, wanne ya fi amfani a unguwa: mai iya tsara kyakkyawan maɓalli a fuskar waya, ko mai iya sa batirin da ke akwai ya ƙara shekara? Balle ƙauye, a ƙasar da kusan mutum ɗaya cikin biyar ne kawai ke da wutar lantarki. Ga mafi yawan ƴan Nijar, batir shi ne kamfanin wutar.

Mu ba baƙin wannan hanya ba ne. Farfesa Abdou Moumouni Dioffo, haifaffen Tasawa a 1929, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa, ya jagoranci hukumar makamashin rana ta ONERSOL daga 1969. Shi da abokan aikinsa sun ƙera na'urorin dumama ruwa da na girki da hasken rana a nan, suna aunawa da ranar nan. A lokacin ma ba mu da masana'antar gilashi ko ta ƙarfen da zai ishe su. Da ya bi shawarar Malam, da ya jira an kawo daga Turai. A zamaninmu kuma ga Abdou Maman Kané na Tech-Innov, wanda ya fito da tsarin ban-ruwa daga nesa, inda manomi ke kunna famfonsa da wayar hannu. A 2015 ya karɓi babbar lambar yabo ta Hassan II kan harkar ruwa. Abin da aka yaba ai ba fuskar wayar ba ce. Akwatin da ke lambu ne, mai karɓar kira ya tada famfo, cikin ƙura da rana, ba kowa kusa da shi.

Batun aikin yi ba zan ja shi da nisa ba. Gaskiya ne guraben manhajar waya sun fi yawa, ban kuma ce kowa ya bar su ba. Amma manhajar aika kuɗi a kan waya take zaune, wayar caji take so, eriyar Airtel ko Moov ko Zamani da ke ɗaukar saƙon kuma a kan batir take tsaye duk lokacin da kuran ya tafi. Ba dubban marubuta direba muke nema ba. Ƴan gomomi ƙwararru sun isa su canza yadda ake sayen kayan sola a ƙasar nan, domin za a sami mai cewa wannan na'urar tana rage caji in an yi zafi, waccan ba ta yi, ga awo. Masu shigo da kaya, da masu kafa sola a asibitoci da rijiyoyin burtsatse, da ƙungiyoyin da ke zuba kuɗi a kayan da ke mutuwa bayan damina biyu, duk masu biyan irin wannan sani ne in sun same shi. Hujjar cewa za su gudu waje kuwa, in muka karɓe ta, sai mu fara da rufe sashen koyon likita, don likitoci ma suna samun biza. Rubutun direba ma yana cikin ayyukan da ake yi wa kamfanin waje daga ɗaki a Yantala, a karɓi kuɗin a kashe su a nan.

Kirana ga malaman Jami'ar Abdou Moumouni da na EMIG, da masu renon ƙananan kamfanoni a CIPMEN, da hukumar makamashin rana da ta gaji ONERSOL, ba mai tsada ba ne. A ware teburi guda. A sayo batiran da mutane ke saye da gaske a kasuwannin Yamai, da na'urorin cajin da ake haɗa su da su. A sa ɗalibai su rubuta direban awon da hannunsu, su cika su sauke a zafin Afrilu da sanyin Disamba, su fitar da jadawalin a fili, da Faransanci da Hausa da Zabarmanci, don mai gyara da mai saye su amfana. Wanda ya gyara kuskure a direban Zephyr ko na Linux, a ƙirga masa shi a matsayin aikin kammala karatu.

Malam kuwa, da dukkan girmamawa, shawararsa a wannan karon ba ta yi ba. Ɗalibin da ya karanta ta ya ajiye allon gwajinsa, ya koma ya ɗauko shi.